Bakwai Ko Ɗaya

Ƙarfe tara na dare Davou ya iso,
babur ɗinsa na tari a bakin ƙofa,
kula ɗaure a baya da igiyar roba,
laka har gwiwa.
Ruwa ne ya tsare shi a hanyar Bokkos.
Ya ce, ƙanƙarar ta fara karaya.
Na sa hannu a takarda,
na tura masa shayin da na haɗa wa kaina.

'Yan kwalabe talatin da shida,
ba wadda ta zo da suna.
Masu binciken sun ce haka ya fi,
a bar wa kowa asirinsa.
To, na yarda.
Amma na san hannun da ya rubuta lambobin,
hannun Sista Kangyang ne,
mai ja wa bakwai ɗamara a ƙugu
in ba ta cikin sauri.

Na jera su a injin juyi, kowa da abokin zamansa,
don ko inji ba ya son kaya ya karkata.
Minti goma yana kaɗawa
kamar yadda kakata ke kaɗa nono a Gindiri.
Mai nauyi ya kwanta ƙasa,
ruwan ɗorawa ya taso sama,
tsakaninsu wani farin zare
wanda ba ka ganinsa sai ka ɗaga kwalbar ga fitila.

Na shafa ɗigo a gilashi, na tsoma a rini.
Ni ma ɗan marina ne, sai dai rigar da nake turawa
ba ta kai farcen babban yatsa ba.
Ƙarƙashin madubi gari guda ne:
jajayen ƙwayoyi cunkus kamar Taminus ranar jajibere,
can a tsakiya ga ɓarawon,
ya sa zobensa, ya zauna cikin ɗakin da ba nasa ba.
Na ƙirga. Na sake ƙirgawa.
Shekara goma sha ɗaya ina leƙen nan,
jini bai taɓa gaya mini unguwar mai shi ba,
ko ranar da yake zuwa ibada.

Wuta ta ɗauke.
Na tsaya cik ina jin numfashin firiza yana yankewa,
har Malam Sabitu ya ja janareta sau uku,
ta kama a na huɗu.
Sanyin Jos na shigowa ta ƙasan ƙofa,
amma bai kai sanyin da jinin nan yake so ba.

Sai kwalba ta ashirin da tara.
Ruwan ƙanƙara ya lashi takardarta,
lambar ƙarshe ta narke.
Bakwai ce da ɗamararta ta kwance,
ko ɗaya ce da ta sunkuya?
A jerin da aka aiko, duka biyun suna nan,
kuma abokiyar rikicin tata ma ta jiƙe.

Ina iya cewa bakwai.
Ba mai kama ni.
Davou na gyangyaɗi a benci,
Malam Sabitu ya koma wajen rediyonsa.
Amma in na ce bakwai alhali ɗaya ce,
na ɗauki ciwon wani na ɗora wa mai lafiya,
na sallami mai ciwo da albishir na ƙarya,
lissafin masu binciken kuma ya tashi da gurguwar ƙafa
har inda za shi.

Na san abin da ƙin nan zai ci:
man babur, yinin gona guda,
wata uwa ta sake riƙe hannun da ke fizgewa,
Sista Kangyang ta sake lallashi,
ta sake neman jijiya.

Na cire safar hannu.
Na ɗauki jan biro,
na rubuta a gaban layi biyu: a sake ɗiba.

Sannan na taɓa kafaɗar Davou.
Ya buɗe ido, ya dubi takardar,
ya dubi ruwan da bai tsaya ba,
ya ce, akwai sauran shayi?