Warin da Na Guda

An tura ni Fas in koyo lissafin banki.
Baba ya sayar da gonarsa ta hanyar Jiratawa,
ya ƙirga jikkuna bisa tabarma, ya sake ƙirgawa,
ya ce, "Hashiru, ka dawo mana da hannu mai tsabta."
Na gane inda ya dosa.
Hannun Kaka Barmo bai taɓa fita ba.
Har ranar da aka yi masa wankan ƙarshe
bagaruwa na nan ƙarƙashin farcensa.

A lakwal yara kan toshe hanci in na shigo:
jikan majemi, jikan majemi.
Na cuɗa jikina da sabulu har ya yi furu-furu,
na rantse ni da majema sai a lahira.

Shekarar fari a can, sanyi ya koya mini shiru.
Larabcinsu ba na allo ba ne,
gudu yake kamar kabu-kabu a kan hanyar Ɗan Isa.
Ina cin burodi da zaitun,
bakina na neman kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli.
Ba wanda ya san jikan wa nake.
Na ɗauka hutu na samu,
ashe kujera ce mai ƙafa uku.

Wata Asabar na ɓata a lungunan tsohon gari,
sai hancina ya tsaya kafin ƙafata.
Warin nan ne. Shi ɗin dai.
Masu yawon buɗe ido na cusa na'ana'a a hanci,
ni ko na tsaya ina shaƙa, idona ya ciko,
kamar na ji tarin kakana
a ƙasar da bai taɓa jin sunanta ba.

Wani tsoho, Si Bushta, cikin rami har gwiwa,
ya tambaye ni daga ina. Na ce Maraɗi.
Ya fito, ya yarfe hannu,
ya ce ubansa ya taɓa riƙe fatar jar akuyarmu,
har ya mutu yana zancenta.
Ya miƙo mini kartaji don ya yi dariya.
Dariyar ba ta zo ba.
Hannuna ya riƙe shi daidai, ban san yaushe ya koya ba.

Daga nan na zama mutum biyu:
da safe alƙalami, da la'asar rami.
In Baba ya kira, sai in wanke hannu kafin in ɗauka,
sai ka ce waya na kai wari.
Shekara huɗu. Na ci jarrabawa, ban yi ƙarya ba.
Ban dai faɗi duka ba.

Yanzu ga ni a bakin Gulbi,
takardar shaida na cikin akwati tana hutawa.
A Fas ni ne baƙin yaron nan na kudu,
a nan kuma Ɗan Maroko suke kirana
don ina ɗaga buta sama in zan zuba shayi,
kuma in na yi fushi Larabci ke riga Hausa fitowa.
Na daina gyara musu. Duka biyun ni ne.
Lissafin ma bai tafi banza ba:
ni ke riƙe wa majema littafi,
dillalan Kano sun daina yi mana kwaf ɗaya.

Baba ya yi wata biyar bai tako nan ba.
Da azumi na aika masa buzu, aikin hannuna,
ban haɗa da ko kalma ba.
Jiya bayan magariba na same shi zaune a kai,
yana shafa gefensa da babban yatsa.
Bai ɗago ba.
Ya kai shi hanci, ya daɗe.
Sannan ya ce, "Tsoho ya fi ka iya gyaran gefe.
Gobe zan zo in nuna maka."