Dutsen Tokare Ƙofa

An ce kayan sammako da maraice ake ɗaure shi.
Ni maraice goma sha tara na yi ina ɗauri
a Punta Arenas, garin da iska ke shigowa ba sallama,
amma har yau akwai cokali a aljihun tebur.

Nibaldo mai babbar mota ya zo da igiyar awo,
ya auna gado, ya auna kabad,
ya ƙare wa shekara talatin da ɗaya kallo, ya ce:
"Mita goma sha huɗu. Abin da ya haura, kuɗi ne."

Na kasa kaya kashi uku:
na tafiya, na kyauta, na bola.
Dare na yi sai in lallaɓo babu takalmi,
in sato daga na bola in tura cikin na tafiya,
ɓarauniya a ɗakin kaina.

Murhun ƙarfe ya ƙi motsi.
Ƙarti huɗu suka taru, ya ce ba inda za shi.
Ɗana Baltasar ya bugo waya daga Iquique:
"Mama, me za ki yi da murhu?
Bar rigunan ulu, bar lema,
nan ruwan sama sai dai a labari."
Na bar wa maƙwabciyata Fresia murhun.
Ta rungume ni tana kuka,
ido ɗaya na kan bututun hayaƙi.

Kofunan tangaran na naɗe su da tsohuwar jarida,
kowane kofi sai na tsaya karanta zanen da na ɗaura masa.
A nan na ci karo da farashin kifi
na makon da Eleodoro ya rasu.
Ashe kifi ya yi araha, ban sani ba.
Takalman aikinsa na cusa a kwalin da aka rubuta wa "kicin"
don kada wani ya tambaye ni.

Da aka kwashe komai, gida ya fara maimaita tarina.
Bango ya nuna inda hotuna suka zauna,
fari tas, kamar yatsan da aka cire wa zobe.
Saura abu ɗaya a ƙasa:
dutsen da muke tokare ƙofa da shi,
baƙi, mai sulɓi, girman kan jariri.
Eleodoro ya tsinto shi a bakin teku
shekarar da iska ta ɓalle mana ƙyaure.
Nibaldo ya ce, "Uwa, can ma akwai duwatsu.
Ƙasar gaba ɗaya dutse ce."
Na sa shi a jakar hannu. Bai shiga mita ba.

Kaya suka hau jirgin ruwa, suka sauka, suka bi titi,
ƙasar nan siririya kamar zaren ɗinki,
tafiya ta ƙi ƙarewa.
Ni na tashi ta sama, na riga su da kwana tara,
ina shan shayi a kofin surukata,
ina kwana da rigar aro.

Da suka iso, tukunya ta zo, murfi bai zo ba.
Madubi ya tsage biyu, kowane ɓangare da rabin fuskata.
Kofuna shida, biyar suka rayu.
Baltasar ya buɗe kwalin kicin,
ya ga takalma, ya yi shiru,
ya jera su a bakin ƙofa kamar mai su zai fito.

Nan ƙofa ba ta bugawa.
Ka buɗe ta, sai ta tsaya inda ka bar ta,
mai ladabi, kamar baƙuwa.
Duk da haka na durƙusa na tokare ta.
Jikata Amaro ya ce, "Kaka, ai ba iska."
Na ce, "Bar shi. Aikinsa ke nan,
bai iya wani ba."