Wayar Sanyin Wata Ƙasa

Ni ne Talle mai rewaya, Panteka ta san ni,
bayan layin maƙeran tukwane, daf da mai shayi.
Shekara ashirin da shida ina bin waya
kamar mai bin sawun ɓera cikin rumbu.

Ran da Baba Ishaya ya karɓi kuɗin sallamarsa na reluwe
bai sayi fili ba, bai sayi ko akuya ba.
Mota mai ɗaki ya sayo daga Kwatano:
gado, murhu, famfo, labule mai furanni,
da warin karen wani Bature da ya ƙi fita.
Ya ce, "Na ja jirgi shekara talatin, Talle,
gidan da ba ya motsi ba ya ba ni barci."
Ya girke ta a Kakuri, bayan masaƙar da ta yi shiru,
ya jawo wuta daga shagon mai niƙa.

Na shiga ƙarƙashinta da tocila a baki.
Can na gan ta: baƙar waya mai faɗi,
an naɗe bututun ruwa da ita
yadda maɗori ke naɗe karaya.
Na taɓa fatarta, ta marmashe a yatsana
kamar ƙanzon da ya shekara a kwano.
Jan ƙarfe na leƙe ta cikin tsaga.

Yarona Gambo, da ya taɓa boko, ya karanta jikinta:
wai a ƙasarsu ruwa kan zama dutse cikin bututu
har ya fasa shi,
sai a riƙa ba shi wuta kaɗan-kaɗan, ya kwana da ɗumi.
Muka yi dariya har mai shayi ya waigo.
A nan? Inda kwalta ke kama takalmi da azahar?

Na ce, "Baba, a yanke ta."
Ya ce, "Wanda ya naɗa ba mahaukaci ba ne.
Kai dai duba min inda ke ɗiga."
Ɗis. Ɗis. Daidai inda wayar ta gasa roba.
Na ɗaure da tsohon tib, na karɓi kuɗina, na tafi.
Almakashi na aljihuna.
Wannan nake tunawa in barci ya ƙi zuwa.

Daren wata Laraba, tsakiyar damina,
wuta ta dawo da ƙarfi bayan kwana huɗu,
tsohuwar waya ta farka, ta tuna aikinta,
ta shiga yaƙi da sanyin da bai taɓa zuwa ba.
Jikarsa Kande ce ta ji wari,
ta ce, "Kaka, wa ke babbakar taya a ƙarƙashin gado?"
Ya sunkuce ta, ba takalmi, ba hula,
hayaƙi na bin su kamar mai bin bashi.

Ga abin da har yau ban gane ba:
wutar ta narke bututun,
tankin ya zazzage cikinsa duka a kanta,
ɗigon da Baba ke zagi kullum safiya
shi ya zama kogi, shi ya shaƙe ta.
Dabe ya tafi. Katifa ta tafi.
Hotonsa a kan jirgin Kafanchan, rabinsa ya rage.

Da gari ya waye na zo da almakashi, a makare.
Na warware ta, gaba bakwai, baƙa, tana manne wa hannu.
Baba na zaune a kan jarka, Kande na barci a cinyarsa.
Bai ce min na faɗa maka ba, ni ma ban ce ba.
Can ya ce, "Ita ma tsohuwar ma'aikaciya ce, Talle.
Ba wanda ya gaya mata an sallame ta."

Tana rataye a ƙusa a bakin shagona.
Duk mai kawo mota daga ƙasar ƙanƙara
kafin mu yi ciniki nakan miƙa masa ita,
in ce ya shinshina.