Kwana na Uku a Bitar Taswira

Sanyin Jos ya biyo mu har cikin zauren bita.
Ni da na shekara talatin ina jan tef a dawa,
yau linzamin kwamfuta nake ja, hannu na rawa.

Malama Kachollom ta ce, "Baba Tanimu, danna nan."
Na danna.
Sai ga gari ya kwanta a gilashi
kamar zanen da aka shanya kan dutse:
Gangare, Dilimi, layin dogo,
rufin kwanon Farin Gada,
motocin kabeji jere kamar tururuwa.

Ta ce mu ɗora hanyoyi kan unguwanni,
kowane kududdufin kuza mu ba shi shuɗi.
Aikin minti biyar, in ji ta.

Na iso kan wani, can wajen Bukuru,
mai siffar ƙoda.
Manhaja ta buɗe min gurabe:
suna, faɗi, zurfi.
Faɗin ta auna da kanta.
Zurfin kuwa na san shi tun ina ɗan shekara tara,
ranar da Sallau ya tuɓe riga ya ba ni riƙo,
ya ce in ƙirga goma.

Aka kira shan shayi, kujeru suka yi ƙara.
Na rubuta mita sha biyu, yadda takarda ta ce,
a gurbin suna na sa nasa.

Kachollom ta leƙo: "Haka ake kiran wurin?"
Na ce, "A gidanmu."
Ta yi jim,
sannan ta nuna min inda ake adanawa.