Taswirar Ofis

A Argungu sun koya mini zana akwatuna:
shugaba a sama, kibau suna gangarowa.
Na dawo Bunza, na liƙa a bango.

Wata uku ina kallo.
Umarnina ba ya tsallake baranda
sai Baba Mayaƙi mai ƙararrawa ya gyaɗa kai.
Malama Kuluwa da Namaka ba sa gaisawa
tun wani bashin adashe da ya girme ni a nan.

Shekaranjiya na ja kujerata gindin dogon yaro,
inda ake ɓarar gyaɗa da tsegumi.
Aka yi tsit.
Can Kuluwa ta turo mini faranti,
ba ta dube ni ba.

Takardar tana nan.
Gara ta fara cin akwatin sama.