Injin da Ya Ƙi Mantuwa

Bayan sadakar arba'in ta Tsahara
Balkisa ta ce, Baba, ka taho Yamai.
Na rufe gidan Tawa, na ba maƙwabci makulli,
na ɗauko akwati guda, da buta, da kwamfutar gida,
da injin buga takarda naɗe cikin zanen gado,
bisa cinyata tun daga tasha har Dogon Dutsi, har Doso,
kamar mai kai jariri awo.

A Bukoki suka ba ni ɗakin da ke duban dalbejiya.
Na jona inji a bango.
Ya yi gyaran murya, ya motsa haƙarƙari,
sai wata ƴar fitila shuɗiya ta hau ƙiftawa,
ƙifta, ƙifta,
dare uku ba ta runtsa ba, ni ma haka.

Jikana Sidiku ya leƙa, ya ce,
Kaka, wifin can gida yake nema.
Na duba ɗan gilashin, ga sunan kwance:
Gidan Tsahara.
Ita ta raɗa shi. Ta ce tunda ita ke biyan kuɗin wata
ba za a sa sunan wani tsohon malamin lekol ba.
Shekara ashirin tana buga takardu a ofishin magajin gari,
yatsunta sun fi bakina sauri.

To ga ƙarfe da roba, abin da ba ya cin tuwo,
ya ƙetare kilomita ɗari biyar
yana sallama a ƙofar da babu kowa.

Sidiku ya ce, ai da sauƙi, sai an sa ya manta.
Ka danne maɓallan nan biyu, ka ƙirga biyar.
Na ce, kai ka danna.
Ya ce, hannuna ɗaya na riƙe da waya.
Ƙarya yake, yaron nan, wayo gare shi irin na kakarsa.

Na danna. Ɗaya. Biyu.
A uku na tuna ƙamshin hurarta mai kimba.
Huɗu. Biyar.
Gilashi ya yi fari fat.

Sunayen maƙwabta suka jeru, ban san ko ɗaya ba:
wani tela, wani mai kemis, wani da ya rubuta Kada Ka Roƙa.
Na zaɓi na surukina.
Kalmar sirri harafi goma sha biyu,
kowane harafi sai an bi shi da kibiya kamar akuyar da ta tsinke.
Sau biyu ina kuskure. Babban baƙi ne, na sa ƙarami.
Ni da na yi shekara talatin ina jan kunnen yara a kan haka.

A na uku fitila ta tsaya cak.
Muka kunna kwamfuta, muka nuna mata sabuwar hanya,
kafin mu aika komi
inji ya ja numfashi, ya haɗiye takarda, ya miƙo ta da ɗumi.

Sidiku ya ce, tsohon aiki ne da ya maƙale a layi.

Lissafin adashen matan Bilbis ne, na watan azumi.
Indo ta zuba. Baraka ta zuba. Sahiya saura rabi.
Can ƙasa, a keɓe, da baƙaƙe masu kauri:
Arzika, jikka biyu, aro. Bai biya ba tukuna.

Na yi dariya har Balkisa ta sheƙo daga madafa,
ta tarar abin ya juye.

Gobe bayan asuba zan ba da jikka biyun sadaka da sunanta,
bashi ba abin wasa ba ne.
Amma takardar tana aljihun gaba, ninki huɗu,
kuma ba zan ja layi bisa sunana ba.
Hannun da ya rubuta shi kaɗai ke da ikon sharewa.