Ƙofa Bakwai a Glasgo

Jirgin ruwan asuba ya raba ni da tsibirinmu,
bas ta yi awa biyar tana jijjiga ni,
na iso Glasgo cikin kwat ɗin gwaggo Ishbel
mai hannu har ya rufe mini yatsu.

Mu goma sha biyu a zaure, kowa da lamba a ƙirji.
Na kusa da ni, Fintan, ya yi wata uku a gidan namun daji,
har wuyan jimina ya taɓa riƙewa.
Wata ta san sunan kowane ƙashi a ƙafar doki,
tana bitarsu, leɓe na motsi.
Ni kuwa na danne hannuwana da cinya
kada a ga kanta, da shatin igiya,
da jan aidin da ya gagari sabulu.

Ƙofa bakwai. Minti shida-shida. Ƙararrawa.

A ta farko lissafin allura:
kare mai kilo goma sha takwas, nawa za a zuƙa?
Na yi daidai, na soke, na sake rubuta abin da na soke.
A ta biyu wata malama mai tabarau a tsinin hanci
ta ce, "Me ya sa dabbobi, ba mutane ba?"
Amsar da na haddace gaban madubin banɗaki
ta fito sumul kamar ɓararren ƙwai.
Ta rubuta kalma ɗaya, ta dubi agogo.

Ta uku da ta huɗu, ƙishirwa kawai na tuna.

A ta biyar wani dattijo ne zaune,
igiyar kare a cinyarsa, babu karen.
An rubuta a ƙofa: ɗan wasa ne, hayarsa aka yi.
Ya ce, "Kuɗin aikin ya fi fanshona na wata uku.
Tsakaninki da Allah, in ke ce, yaya za ki yi?"
Na san shiri ne.
Na san da yamma zai karɓi ladansa ya tafi shan shayi.
Amma yadda babban yatsansa ke murza igiyar nan,
haka babana ya murza hularsa
ranar da mota ta zo ɗaukar gawar saniyarmu.
Matakai huɗu na nuna tausayi da na karanta a littafi
suka watse kamar kaji sun ga shirwa.
Na ce, "Yaya sunansa?"
Ya yi jim. Babu wannan a takardarsa.
Can ya ce, "Corrie."
Muka zauna da Corrie, ni da shi,
har ƙararrawa ta tashe mu.

Ta shida: "Ba mu labarin ranar da kika kasa."
Daren Afrilu, ina shekara goma sha ɗaya,
tunkiya na naƙuda, hannun babana ya yi girma.
Ya ce, sa naki.
Na lalubo ƙafa biyu cikin ɗumi da duhu, na ja,
na ja da duk ƙarfina.
Ashe kowace ƙafa da mai ita.
Ɗaya ya tashi ya sha nono. Ɗayan na binne shi bayan katanga.
"To, me kika koya?"
"A bi ƙafa har kafaɗa kafin a ja."
Ya ɗaga alƙalami yana jiran babbar magana.
Ba ni da wata.

Ta bakwai sun tambaye ni ko ina da tambaya.
Sai a matakala ta zo mini.

Sakamako sai bayan mako shida, in ji su.
A tasha Fintan ya raba mini burodinsa,
ya ce jiminar ma cizonsa ta yi, bai gaya musu ba.

Waya ta yi ƙara. Babana ne, iska na cin rabin maganarsa.
Bai ce yaya aka yi ba.
"Ina kika ajiye aidin? Mai baƙin kunnen nan ta fara."
Na ce, bayan ƙofa, kan buhun gishiri.
Na ce, kada ka sa hannu, kira Catriona ta maƙwabta.
Ka gaya mata ta bi har kafaɗa.
Na naɗe hannun kwat ɗin gwaggo har gwiwar hannu
a tsakiyar tasha, ban san na yi ba.